Ranar da Auta Ta Lulluɓe Kwamfuta da Jiƙaƙƙen Buhu

A unguwar Sabon Gari ta Wudil akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da sunan yanka, amma ko ita sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Auta kowa yake ce mata.

Auta ba muguwa ba ce. Hannu ne da ita mai ƙaiƙayi. In ta ga maɓalli sai ta danna. In ta ga murfi sai ta buɗe. Rediyon Baba shaida ne. Tun ranar da ta leƙa cikinsa tasha ɗaya yake kamawa, ita ma sai an karkata shi gefe kamar mai ciwon wuya.

Yayarta Khaulat tana karatun kwamfuta a jami'a. Tana da ƙawa mai suna Tabita, 'yar jihar Gombe. Tabita gwanar wasan kwamfuta ce, wanda yara ke kira gem. Ta taɓa zuwa gasa ta cinye duk mazan da ke wurin. Aka ba ta kyautar wani abu da ake kira katin hoto.

A ɗakin kwanan ɗalibai, inda Tabita take, wuta sai ta ga dama take zuwa. Gidan su Auta kuwa akwai sola. Sai ƙawayen suka shirya a saka katin a kwamfutar Khaulat.

Ranar da Tabita ta kawo shi, a naɗe yake cikin tawul kamar jariri. Da ta buɗe, Auta ta ga wani baƙin ƙarfe mai nauyin bulo, da fanka uku a jikinsa.

"Anti Tabita, me yake yi?"

"Kin ga motar tseren nan a gem? Da hayaƙinta, da inuwar bishiya, da hasken rana a gilashi? Duk shi yake zana su. Kafin ki ƙifta ido ya zana hoto ya fi a ƙirga."

"A kasuwa ake sayar da shi?"

Khaulat ta yi dariya. "Je ki kasuwar Wudil ranar Juma'a. Za ki sami sa, za ki sami allura. Wannan kam ba za ki same shi ba."

Tabita ta durƙusa ta gaida Umma. Ta ce, "Umma, amana na kawo. Ba ni da abin da ya kai shi."

Umma ta ce, "Allah Ya tsare. Amma kin dai san muna da Auta a gidan nan."

Kowa ya yi dariya. Ban da Auta.

Aka saka katin a akwatin kwamfuta. Akwatin yana da gilashi a gefe, ana hango komai. Samansa kuma duk huji ne kamar rariya.

Tun daga ranar, kullum suka dawo daga makaranta sai su zauna gaban allon kwamfuta. Ba wasa suke yi ba. Gwaji suke yi. Su suna ce masa bencimak. Za su danna wani wuri, sai wata jar mota ta fito ta yi ta gudu ita kaɗai. Ta ratsa gari, ta ratsa ruwan sama, ta ratsa daji. In ta gama, sai kwamfuta ta ba wa katin hoton maki, kamar yadda malami yake ba ɗalibi bayan jarrabawa.

Akwai dalili. Wani ɗan ajinsu mai suna Victor shi ma yana da kati mai ƙarfi. An yi da su, wanda nasa ya fi maki zuwa ranar Asabar, da injinsa za a tafi gasar gem a Kano. Na Victor ya kai dubu ashirin. Nasu saura ƙiris.

Don su cike ƙiris ɗin nan suke ƙara wa katin gudu. A allon akwai wasu dogayen layuka, kowanne da ɗan ƙulli a jikinsa. In aka ja ƙullin dama, katin ya ƙara sauri fiye da yadda aka ƙera shi. Wannan kuma obakulok suke ce masa.

Abin da ke damun Auta shi ne yadda suke jan ƙullin. Ɗan mitsitsi. Sai su sake gwaji. Sai su sake ja ɗan mitsitsi. Ga layi kuwa zuƙeƙe, ko rabi ba a ci ba.

Ta kasa haƙuri. "Yaya, me ya sa ba za ku ja shi can ƙarshe ba, a huta?"

Khaulat ta ce, "In Umma ta ce ki ƙara gishiri a miya, leda guda kike juyewa?"

"A'a."

"To haka ne. Kaɗan, mu ɗanɗana. Kaɗan, mu ɗanɗana."

Tabita ta nuna mata wata lamba a ƙuryar allon. "Kin ga wannan? Zafin jikin katin ne. In ya ƙara gudu, sai ya ƙara zafi. In lambar nan ta wuce tamanin, tsayawa muke yi."

"To in aka sanyaya shi fa?"

"In ya yi sanyi, zai iya ƙara gudu. Shi ne duk faɗan."

"Ku bar ni in gwada mana."

"Ke dai kalla da ido," in ji Khaulat. "Hannun nan naki ki zauna a kansa."

Auta ta riƙe magana ɗaya. In ya yi sanyi, zai ƙara gudu. Ita kuwa in dai sanyaya abu ne, ai ita ce gwana.

Ga yadda abin yake. Kakarsu ta zo daga Achika tana zaune tare da su. Kaka ba ta shan ruwan firij. Ta ce yana kashe mata haƙori, ko da yake haƙoran da suka rage ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Tulunta take da shi. Tana naɗe shi da tsohon buhun algarara, a jiƙa buhun, a ajiye tulun a lungun da iska ke ratsawa. Ko rana ta fi wuta zafi, ruwan Kaka sai ka ji shi har tsakar ka.

Jiƙa buhun nan aikin Auta ne, safe da rana.

Ranar Alhamis aka tashi da zafi irin na bazara. Ƙadangaru ma a inuwa suke. Khaulat da Tabita suka tafi lacca. Umma ta shiga maƙwabta barka. Kaka ta miƙe a tabarma gindin darbejiya, ta fara minshari.

Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin Yaya. Hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Ta ce a ranta, "Kallo kawai zan yi."

Ta shiga ta kalla. Sai ta ce, "Kunnawa kawai zan yi."

Ta kunna. Lambar sirrin ba ta ba ta wahala ba. Ta daɗe da haddace ta daga kallon yatsun Yaya.

Ga layuka, ga ƙullaye. Auta ta hango kanta su Yaya sun dawo sun tarar da maki dubu talatin. Ta hango Anti Tabita tana ɗaga ta sama. Ta hango Victor ya riƙe baki.

Ta kama ƙullin farko ta ja shi har ƙarshe. Ta ja na biyu. Na ukun ma ba ta bar shi ya yi maraici ba. Ta danna gwaji.

Jar mota ta fito da gudu. Auta ta yi murmushi.

Sai fankoki suka tashi. Da farko kamar kukan sauro. Can suka koma kamar injin markaɗe. Lambar zafi ta fara hawa. Saba'in da biyar. Tamanin. Ta wuce tamanin ko sallama ba ta yi ba.

Auta ba ta tsorata ba. Ai da shirinta.

Ta fita da sanɗa. Ta warware buhun daga jikin tulun Kaka. Ta tsoma shi a bokiti ta ɗan matse. Ta dawo ta lulluɓe akwatin kwamfutar da shi, sama da gaba da baya. Ta gyara gefe da gefe yadda take yi wa tulu. Ba ta bar ko huji ɗaya a buɗe ba.

Ta zauna tana jiran lambar ta sauko.

Lambar ba ta sauko ba. Tamanin da biyar. Casa'in. Ta rikiɗe ta koma ja.

Auta ta buɗe baki. Ta kalli buhun, ta kalli lambar. Buhun da bai taɓa ba ta kunya ba.

Sai ga motar ta fara fitar da ɗigo-ɗigo, kore da shuɗi, kamar ta yi ƙyanda. Bishiyoyi suka miƙe suka zama dogayen tsinkaye. Titi ya tsage biyu. Motar ta daskare a tsakiyar iska, taya ɗaya a sama.

Ɗif. Allo ya yi baƙi. Fankoki suka yi shiru. 'Yan fitilun akwatin duk suka mutu.

Ɗakin ya yi tsit, har tana jin minsharin Kaka daga waje.

Auta ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta zabura, ta damƙi buhun da hannu biyu ta fizge shi. Garin damƙa ta matse shi. Ruwa ya tsiyaya ta hujin sama, tana ji tana gani. Ta leƙa ta gilashi. Ga ɗigon ruwa nan a bayan katin Anti Tabita, yana ƙyalli.

Ta ce, "Innalillahi," a hankali.

Ta goge jikin akwatin da gefen hijabinta. Ta goge tebur. Ta mayar da kujera yadda take. Ta mayar wa tulu buhunsa. Daga waje, ba wanda zai ce an taɓa komai. Ruwan ciki ne kawai hannunta ba zai kai gare shi ba.

Ta je ta ɗauki littafin makaranta ta zauna kusa da Kaka. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta lura a juye yake.

Bayan la'asar Kaka ta farka ta nufi tulunta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Ta shafa buhun.

"Ke ƙawata, wa ya kai mini buhu yawo?"

Auta ta ce, "Yawo kuma, Kaka?"

"Ba haka nake ɗaurinsa ba. Ruwan kuma kamar na wankan jego."

Kafin Auta ta samo amsa, sai ga sallamar su Khaulat. Suka gaida Kaka, suka shige ɗaki. Auta ta bi su, ba don tana so ba. Ƙafafun ne suka kai ta.

Tabita ta ajiye jaka. "Yau sai mun cike ƙiris ɗin nan. Na yi mafarkin Victor yana kuka."

Khaulat ta yi dariya ta miƙa yatsa wajen maɓalli.

Auta ta kalli yatsan. In ta yi shiru, ba wanda ya gan ta. In kwamfutar ta ƙi tashi, za a ce zafi ne, ko a ce sola ce. Sai ta tuna Malam Halliru, malamin kimiyya. Ya taɓa tsayawa gaban aji ya ce, "Duk abin da ke aiki da lantarki, in ruwa ya shige shi, kada a kunna. Ruwan bai cika kashe shi ba. Kunnawar ce take kashe shi."

Yatsan Yaya ya kusa taɓa maɓallin.

Auta ta yi tsalle ta riƙe hannun da hannu biyu.

"Yaya, kar ki kunna."

"Ke lafiyarki? Sake ni."

"Akwai ruwa a ciki."

"Ruwa? Wane irin ruwa?"

"Na buhun Kaka."

Khaulat ta kalli Tabita. Tabita ta kalli Khaulat. Su duka suka sunkuya suka leƙa ta gilashi.

Ba wanda ya yi magana. Khaulat ta ɗora hannu biyu a ka, ta bar su a can. Tabita ta miƙa hannu ta zare filogi daga bango. Sannan ta zauna a ƙasa, daɓas, kamar an zare mata ƙashin baya.

Da ma duka aka yi wa Auta, da ya fi mata wannan shirun sauƙi.

"Anti Tabita, ya mutu?"

"Ban sani ba." Tabita ta ja numfashi. "Zo nan. Zauna. Ki faɗa mini abin da kika yi, daga farko. Kar ki rage, kar ki gyara."

Auta ta fara. Ta faɗi lambar sirri. Ta faɗi ƙullaye.

"Har ina kika ja su?" in ji Khaulat.

"Har ƙarshe."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Khaulat ta rufe ido.

Da aka zo kan buhu, Tabita ta ce, "Tsaya. Buhu kika jiƙa?"

"E."

"Kika rufa wa kwamfuta?"

"E."

"Tana aiki?"

"Kamar yadda nake yi wa tulu."



Can Tabita ta ce, "Tambaya ɗaya, ita ce mai muhimmanci. Yaushe ruwan ya zuba ciki? Tana aiki, ko bayan ta mutu?"

Auta ta yi tunani sosai. "Bayan ta mutu. Lokacin da na fizge buhun ne na matse shi."

"Kin tabbata? Kar ki faɗa don ki faranta mini."

"Na tabbata. Fitilun duk sun mutu tukuna."

"Kin sake kunnawa?"

"A'a. Tsoro na ji."

Tabita ta share ido da bayan hannu. "To akwai sauran fata. Khaulat, miƙo sukundireba."

Suka buɗe akwatin. Suka ciro katin a hankali. Tabita ta karkata shi, ruwa ya ɗiga a tafin hannunta. Ta goge shi da auduga da sifirit, lungu-lungu. Suka ɗora shi a faranti mai tsabta, suka kunna masa fanka.

Kaka ta leƙo. Da aka ba ta labari ta tafa hannu. "Ashe can buhuna ya je. To ku kawo ƙarfen in shanya shi a rufin ɗaki tare da kuɓewa."

"A'a, Kaka, mun gode," in ji Tabita da sauri. "Iska kawai yake so. Sai ya bushe har ciki."

"Sai yaushe?" in ji Auta.

"Sai ya kwana biyu-uku. Ba gaggawa."

Khaulat ta ce, "Asabar fa?"

Tabita ta girgiza kai. "Asabar ta wuce mu."

Da Umma ta dawo ta ji, ta tsaya a tsakar gida da mayafi a hannu. Ta manta ma da za ta rataye shi. Ta kira Auta ɗaki.

"Me Tabita ta ce ranar da ta kawo abin nan?"

"Ta ce amana ce."

"Me yayarki ta ce miki?"

"Ta ce in kalla da ido."

"To me ya kai hannunki?"

Auta ta fashe da kuka. "So nake in taimaka, Umma. So nake su ci."

"Na sani. Amma kin tambaya?"

"A'a."

"Rabin magana kika ji, kika tafi da ita. Kin ji an ce sanyi, ba ki tsaya kin ji wane irin sanyi ba. Je ki ba Tabita haƙuri. Ba a tsaye ba."

Auta ta je ta durƙusa. "Anti Tabita, ki yafe mini."

Tabita ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Na ji. Tashi. Amma raina bai dawo ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba."

Umma ta yanke hukunci. Auta ba za ta ƙara taka ɗakin ba sai an kira ta. Kuma ita ce mai gadin ƙofa, kada kaza ko mage ta shiga inda katin yake shan iska.

Haka aka yi. Tana dawowa daga makaranta sai ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna da ɗan tsumagiya. Kajin gidan suka sha mamaki. Ba su taɓa ganin ɗan sanda mai tsanani irin wannan ba.

Asabar ta zo. Da yamma Auta ta ji Tabita tana waya a tsakar gida.

"Victor, na taya ka murna. A'a, namu ya ɗan yi rashin lafiya. Ku je ku ciyo mana."

Ta kashe waya ta tsaya tana kallon ƙasa. Ba ta ambaci sunan Auta ba. Wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo. Ranar ko tuwo kasa ci ta yi.

Ranar Lahadi Tabita ta biyo daga coci, da kwalliyarta. Ta ɗauki katin ta juya shi, ta haska shi da tocilan ɗin waya, ta shinshina shi.

"Ya bushe. Yau za mu sani."

Suka mayar da shi cikin akwati. Umma ta zo ta tsaya. Kaka ta jawo tabarma bakin ƙofa. Baba ma ya ajiye karkataccen rediyonsa ya leƙo.

Tabita ta ce, "Ina Auta?"

"Ga ni, Anti."

"Shigo. Ke kika hana a danna. Ke za ki danna."

Auta ta tsaya gaban maɓallin. Karon farko a rayuwarta ta ga maɓalli, hannunta bai yi ƙaiƙayi ba. Ta yi bismillah ta danna.

Fankoki suka juya. Fitilu suka kama. Allo kuwa baƙi ƙirin.

Aka jira. Baƙi.

Kaka ta ce, "Shi ke nan ko?"

"Kaka, don Allah," in ji Khaulat.

Sai allon ya yi ƙyaf. Haske ya bayyana.

Ba wanda ya yi murna tukuna. Tabita ta yi maza ta mayar da ƙullayen inda suke tun asali. Ta danna gwaji.

Jar mota ta fito. Ta ratsa gari. Ba ƙyanda. Ta ratsa ruwan sama. Bishiyoyi suna nan bishiyoyinsu. Ta ratsa daji ta kai ƙarshe da tayoyinta huɗu a ƙasa. Maki ya fito, daidai da wanda katin ya saba bayarwa. Lambar zafi kuma tana zaune lafiya a ƙasan tamanin.

Tabita ta kifa kai a tebur. Kafaɗunta suna rawa. Auta ta ɗauka kuka take yi. Da ta ɗago, ashe dariya ce da hawaye a haɗe.

"Buhu," in ji ta. "Jiƙaƙƙen buhu. In na faɗa a makaranta ba wanda zai yarda."

Umma ta ce, "Alhamdu lillahi." Baba ya ce, "Da rediyona ya sami irin wannan sa'a." Aka kwashe da dariya.

Tabita ta jawo Auta jikinta. "Yanzu raina ya dawo. Na yafe miki. Abu biyu kika yi ranar nan. Na farko ya kusa kashe katin. Na biyu ya cece shi. Da kin yi shiru Khaulat ta kunna da ruwa a ciki, da yanzu ƙarfe ne kawai."

Auta ta ce, "Amma me ya sa buhun ya ƙi aiki? A tulu yana yi."

Khaulat ta kama hannunta ta ɗora a saman hujin akwatin. "Me kika ji?"

"Iska mai ɗumi."

"Ta nan yake numfashi. Fankoki suna jawo iska mai sanyi, suna fitar da mai zafi. Ke kuwa kika toshe masa hanci da baki, kika ce ya yi tsere."

Auta ta kalli layukan da ke allon. Ta ɓoye hannayenta a baya.

"Anti Tabita, in yi tambaya?"

"Yi."

"In an kai shi lungun da Kaka ke ajiye tulu fa? Can iska ta fi. Ba buhu. Iska kawai."

Tabita ta kalli Khaulat. "Kin ji. Wannan tambaya ce mai kyau. Za mu gwada, tare. Akwai wata gasar bayan hutu. Yanzu zo ki ja ƙullin nan."

"Ni?"

"Ke. Yaya ake ja?"

"Kaɗan, mu ɗanɗana."

Ta ja shi ɗan mitsitsi, har sai da Khaulat ta matso da ido kafin ta ga ya motsa.

Daga ranar Auta ta riƙe darasi biyu. Abin da ba naka ba, kuma ba ka gama sanin yadda yake aiki ba, kada ka taɓa sai ka tambaya. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, ka faɗa duka, tun ana iya gyarawa.

Hannun Auta bai daina ƙaiƙayi ba. Amma yanzu in ya fara, bakinta ne yake riga shi, ta ce, "In taɓa?"

Kaka dai ba ta yarda da kowa ba. Har yau in za ta yi barcin rana, sai ta ɗaure bakin buhun da igiya, ta ɗaura ɗaya bakin igiyar a babban yatsanta na ƙafa.